Ranar da Sitiyarin Motar Alhaji Ya Ƙi Dawowa

 A wannan wata mun ɗan ajiye zancen makaranta da muka saba kawo muku, za mu ba ku labarin wata tsohuwar mota, wadda duk wanda ya daɗe a unguwarmu ta Briqueterie, ko Birik kamar yadda bakinmu ya saba, ya san ta ko da bai san masu ita ba. Peugeot 504 ce, Fijo in ji mutanenmu, doguwar nan mai layi uku na kujeru wadda ake kira familiyal. Ta marigayi mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Mu bakwai ya bari, maza huɗu mata uku, kuma in kun ji mun ce "mu" a cikin wannan labari, to mu mazan muke nufi, domin abin da ya samu motar da hannunmu a ciki gaba ɗaya, ba wanda zai zame.

Wata Asabar ce cikin watan Oktoba na 2023, an ɗauke ruwa ke nan, ana dawowa daga suna a Tsinga. Hajiya mahaifiyarmu na gaba, matanmu uku da jikoki biyar na baya, ga kuloli na abincin suna. Autanmu ke tuƙi. Da aka sauko gangaren nan da ke shigowa unguwa, sai ya taka birki ya murɗa sitiyari hagu har ƙarshe don ya shiga lungunmu, wanda ku ma kun san ƙuncinsa. Mota ta karya kwana lafiya lau. Ya saki sitiyari don ya dawo da kansa kamar yadda ya saba, sai ya ƙi. Mota ta ci gaba da zagayawa, ta nufi kwata, a bakin kwatar kuwa ga teburin wani mai suya da mutane tsaye suna jiran a yanka musu. Yaron nan ya sa hannu biyu ya fizga da iyakar ƙarfinsa, aka ji wani ƙara daga ƙasa kamar ana jan buhu a kan siminti, sannan sitiyari ya saki. Motar ta tsaya tsakaninta da teburin bai fi taki ɗaya ba. Hajiya ba ta ce komai ba sai salati, har aka shigo da ita gida tana yi. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma a daren nan ba wanda ya taɓa abincin sunan.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mun fi shekara muna jin wannan ƙara. Duk sanda aka murɗa hagu sosai sai a ji wani abu na goga wani abu. Mai tuƙi ya ɗan sassauta hannu, ƙara ya ɗauke, a wuce. Wani lokaci ma rediyo muke ƙara wa murya. Kowannenmu ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai kai ta gareji, ga shi kuwa kowa ya san abin da ake cewa game da jakin da ya yi masu shi da yawa.

Alhaji ya sayo motar nan a 1985. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi da shadda, yana zuwa Kano saro kaya, a wata tafiya ya zarce Kaduna ya sayo ta sabuwa, haɗin masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972 motocinta suka zama irin namu, sitiyari a hagu, saboda haka bai sha wahalar komai ba sai ta kwastan. Ya biyo da ita ta Yola ya shigo Garwa, ya hau dutsen Ngaundare, ya bi ta Maiganga da Garwa-Bulai da Bartuwa, a lokacin da yawancin hanyar jar ƙasa ce, ya iso Yawunde motar ta rine ja har gilashi. Manyanmu suna tuna yadda yaran unguwa suka bi ta da gudu tun daga bakin babban masallaci.

Yaran yanzu da suka tashi suka ga Toyota ta cika gari ba za su gane matsayin wannan mota ba. An fito da ita a Faransa a 1968, shekara ta gaba aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita. Turawa sun daɗe da daina ƙera ta a ƙasarsu ana ci gaba da haɗa ta a Kaduna, har tsakiyar shekarun 2000. Mu dai abin da muka sani shi ne, da ita aka ɗauko amaren gidanmu, da ita aka kai matan lungunmu asibiti tsakar dare ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma ita ta bi bayan makarar mutane da yawa ɗauke da tsofaffin da ba su iya tafiyar ƙasa. Alhaji bai taɓa karɓar ko dala ta mai a hannun maƙwabci ba.

Lalacewarta a hankali ta soma, kuma muna iya faɗin shekarar. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, ga shi shekarar da ta wuce an zabtare albashin ma'aikata, waɗanda su ne masu sayen shaddar Alhaji. Kayan gyara na asali suka ninka kuɗi dare ɗaya. Daga nan aka shiga zamanin "sa wannan ma zai yi". In wani ƙarfe ya mutu, a je a ciro na wata mota da ta yi hatsari, in bai zauna daidai ba a ɗan matsa wani abin ya ba shi wuri. Ba ma ganin laifin Alhaji, kowa haka ya yi a lokacin. Da ya rasu a 2016, aka zo rabon gado, Hajiya ta ce a sa mata motar cikin tumuninta. Aka yi haka. Ita ba ta tuƙi, saboda haka makulli ya zauna a kan ƙusa a zaure, mai bukata ya ɗauka.

Namu laifin ya zo a 2021. Hanyar lungunmu ta zaizaye, bakin ƙofar gida ya yi tudu, kullum sai cikin mota ya daki ƙasa. Wani ya ba mu shawara a ɗaga ta. Aka sa mata kal, wato wasu ƙarafa masu kauri da ake cusawa a saman sifirin na gaba, ta tashi sama da kamar yatsa uku. Da muka ga ta tashi sai tayoyinta suka yi mana ƙanana a ido. Alhaji bai taɓa sa mata abin da ya wuce mai lamba 185 ba, wanda shi ne aka rubuta a ɗan littafinta, mu kuwa muka samo masu lamba 205 da wasu janti masu faɗi, muka ɗaura. Wallahi ta yi kyau. Samari suna tsayawa su ɗauki hoto da ita a waya. Ramukan hanya ne hujjar da muka ba Hajiya, amma tsakaninmu da Allah rabin abin ado ne.

A nan sai ku yi haƙuri da halin malamin makaranta, mu ɗan tsaya a bakin allo, don wanda bai san yadda sitiyari ke juya taya ba ba zai gane sauran labarin ba. Sandar da ke saukowa daga sitiyari, wanda nan garin aka fi kira bolan, tana ƙarewa da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kewaye. Shi kuma yana cizon wata doguwar sanda mai haƙora kamar matsefi, wadda ke kwance a gicciye a ƙarƙashin inji cikin kwanso. Ita ce makanikanmu ke kira kiremayer. In ka murɗa bolan sai ta zame hagu ko dama. A kowane bakinta akwai wata siririyar sanda, biyelet a bakin mutanen nan, tayirod a bakin na Nijeriya, wadda ke zuwa ta kama wani ɗan hannu a jikin ƙafar mota ta hanyar gaɓa mai ƙwallo da ake kira rotil. Kiremayer ta ja, biyelet ta ja hannu, taya ta juya. Shi ke nan. Amma fa duk wannan yana faruwa ne a cikin wuri matsattse, taya na juyawa, tana kuma hawa da sauka bisa ga ramin hanya, inji na rawa a kan matashinsa na roba, kuma waɗanda suka zana motar sun bar wa kowane ƙarfe 'yar hanyarsa da 'yar tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa. Kamar gidajen Birik ne: in ɗaya ya ƙara bango da taki guda, wani ne zai rasa hanyar fita.

Ranar Litinin muka kai ta wani gareji da ba za mu ambaci sunansa ba. Mai garejin matashi ne mai zafin nama, kuma ba jahili ba ne, a kan motocin yanzu ya san aikinsa. Ya ɗaga ta da jak, ya leƙa, nan take ya nuna mana biyelet ta hagu, wani wuri a jikinta ya goge yana ƙyalli kamar cokali, cikin tayar ma ya cinye har zare ya soma leƙowa. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, taya ce ke taɓa sanda. Zai sa wutar walda ya gasa sandar ta yi ja, ya ɗan lanƙwasa ta ta kauce wa taya, in ya so ya ɗan rage bakin janti da injin wasa ƙarfe. Awa ɗaya, sefa dubu biyar. Mun kusa cewa bismilla. Abin da ya tsayar da mu kawai shi ne babban yayanmu ba ya nan, ba a kuma yanke magana a gidanmu ba tare da shi ba.

Da dare muka taru a ɗakin Hajiya. Yaya ya ce shi ya gaji. Mota ta kusa shekara arba'in, ta so ta kashe mana uwa da 'ya'ya, ga wani mutum da ke jigilar ayaba da fasinja a hanyar Obala ya daɗe yana nacin a sayar masa. A yi gyaran dubu biyar ɗin nan, ƙara ya ɗauke, a miƙa masa, a haɗa kuɗi a sayi ƙaramar mota ta zamani. Maganarsa da hankali a ciki, kuma shi ne ya fi kowa zuba kuɗi a motar tun rasuwar Alhaji, saboda haka ba mai bakin musa masa. Biyu daga cikinmu suka goyi bayansa. Hajiya na jan carbi har aka gama. Sannan ta ce, "Babba, shi mutumin Obalan, za ka faɗa masa abin da ta yi mana ranar Asabar?" Yaya ya ce, "Hajiya, ai an gyara ke nan." Ta ce, "In an gyara, ka ɗauki 'ya'yanka ka sauko gangaren nan da su sau uku, sannan ka sayar. In ba za ka iya ba, su ma fasinjojin Obala 'ya'yan wasu ne. Motar tawa ce. Ban hana a sayar ba, amma ba za a sayar da ita da ciwo a ɓoye ba, in je in tarar da mahaifinku da wannan a wuyana." Daga nan ta ce a nemo mata tsohon bakaniken Alhaji, in yana da rai.

Yana da rai. Mun same shi a bayan kasuwar Mokolo, ya bar wa yaransa garejin, shi yana zaune a kan benci yana kallo. Ya haura saba'in, ido ya soma raunana. Da ya ga motar sai ya tashi ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa kanta kamar mai gaida doki, ya dubi tayoyin, ya dube mu. Ya ce, "'Ya'yana, wa ya sa mata takalmin da ba nata ba?" Ba wanda ya amsa. Muka gaya masa abin da aka ce za a yi da wutar walda. Ya yi shiru, sannan ya aiki yaro ya samo masa tsinken tsintsiya biyu. Ya tsayar da ɗaya a miƙe a kan benci ya danna da tafin hannu, tsinke ya tokare. Ya ɗan lanƙwasa ɗayan, ya danna, nan take ya naɗe. Ya ce, "Biyelet ja take yi, turawa kuma take yi. Miƙaƙƙiya tana ɗaukar turi. Wadda aka tanƙwara, duk ramin da kuka faɗa sai ta ƙara tanƙwara. Ga shi kuma ƙarfen nan an ba shi horonsa na wuta tun a masana'anta, in ka sake gasa shi ka kashe horon, ba kuwa za ka gani da ido ba sai ranar da ya karye. Ranar nan bolan zai yi ta juyawa a hannunka kamar faifai, taya na tafiya inda ta ga dama. Garin neman gira za ku rasa ido."

Sai ya juyo wajen mai wannan rubutu ya ce, "Malam, kana da alli a aljihu?" Malamin firamare kuwa ai ba ya rabuwa da guntun alli, ko ranar Juma'a ka lalube rigarsa sai ka samu. Ya ce a ɗora motar a kan rami, kada a ɗaga ta da jak, domin motar da ƙafafunta ke lilo a sama ƙarya take yi maka, ba haka take zama a kan hanya ba. Ya sa aka aro buhunan shinkafa shida daga wani shago aka jera a kujeru a madadin mutane. Ya sa yaronsa ya shafe biyelet biyu da alli, da cikin tayoyi, da ƙasan karte, wato kaskon man inji, da bayan kwanson kiremayer. Sannan ɗayanmu ya zauna ya murɗa bolan hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, samari biyu kuma suna danna gaban motar suna saki kamar tana cin birki a gangare. Da aka leƙa da tocila, duk inda ƙarfe ya taɓa wani abu alli ya goge, ya kuma bar farin tabo a jikin abin da ya taɓa. Shekara ashirin muna riƙe da alli, ba mu taɓa ganin ya yi bayani sarai kamar ranar nan ba.

Tabo na farko wanda muka riga muka sani ne, tayar hagu da biyelet. Amma Baba bai tsaya nan ba. Ya ce tayoyin biyu faɗinsu ɗaya, me ya sa ta hagu kaɗai ke taɓawa? Ya sa aka miƙar da ƙafafun mota, ya ɗaura ƙyalle a saman bolan, ya ce a ƙirga. Zuwa hagu, zagaye biyu da rabi har da ɗoriya. Zuwa dama, biyu ma ba su cika ba. Ya ce to ga ɓarawon. Aka kwance biyelet biyu aka jera su a ƙasa, sai ga ta dama ta fi ta hagu tsawo, ƙirarta ma daban, ta wata mota ce aka sa tun wani zamani da ba wanda ya tuna. Don ƙafafu su miƙe, wanda ya sa ta ya ɗaure ta hagu ta gajarce, ya zare bolan ya mayar da shi a miƙe, ido ya ga komai daidai, alhali kiremayer ta gusa daga tsakiya. Saboda haka in an murɗa hagu tana tafiya fiye da inda aka yi mata iyaka, har biyelet da ɗan hannun da take ja su kusa zama layi ɗaya. Baba ya miƙe ƙafarsa ya nuna mana gwiwa, ya ce in gwiwa ta miƙe sarai ai sai an buge ta daga baya take lanƙwashewa. Abin da ya kama sitiyari ranar Asabar ke nan, ga kuma faffaɗar taya ta danne sandar ta ƙara riƙe ta. Ciwo a hagu, sanadi a dama. Shekara da shekaru motar na tafiya da wannan aibi ba ta nuna ba, saboda siririyar tayar Alhaji ta bar wuri. Mu muka zo muka cinye wurin.

Kal ɗin da muka sa su ma ya nuna mana aikinsu. Da mota ta tashi, biyelet da ya kamata su kwanta kusan a shimfiɗe sai suka rataya a karkace, rotil na aiki a bakin iyakarsa, kuma duk sanda gaban mota ya nutse ko ya tashi sai ƙafafun su ɗan buɗe ko su tsuke da kansu. Nan muka gane dalilin da ya sa take yawo a hanyar filin jirgin sama na Nsimalen in an ɗan taka ta, abin da muka daɗe muna ɗora wa iska. Tabo na ƙarshe kuwa a ƙarƙashin inji yake. Matasan roba da inji ke zaune a kai sun mutu sun lotse, karte ya sauko yana sumbatar kwanson kiremayer, ya kuma yaga robar da ke hana ƙura shiga. Wannan bai kama sitiyari ba tukuna, amma yana hanya.

Baba ya lissafa abin da za a saya: biyelet biyu iri ɗaya da rotil ɗinsu, matasan inji, robobin ƙura, janti huɗu na asali, tayoyi masu lamba 185. Kal kuma a cire a jefar. Muka tambaya ko za a iya barin kal ɗin saboda bakin ƙofa. Ya ce, "Ku gyara bakin ƙofar."

Neman kayan ya ci mana mako bakwai. A Mvog-Ada mun sami janti da matasan inji. Biyelet kuwa kowa sai ya fito mana da sabuwa fil a leda mai tambarin zaki, Baba ya auna ta a tafin hannu, ya murza ƙwallon, ya mayar. Wani abokinmu ya duba mana Camp Yabassi a Duwala, ya aiko da guda biyu, suka zo tsawonsu bai yi daidai da juna ba, aka yi asarar kuɗin mota. A ƙarshe ɗan ƙanwar Hajiya da ke Kaduna ya shiga kasuwar Panteka da tsohuwar ta hagu da muka aika masa don gwaji, ya samo mana biyu. Suka biyo hanyar da motar kanta ta biyo a 1985, Yola, Garwa, Ngaundare, sai dai su daga nan jirgin ƙasa suka hau, cikin jakar wata Hajiya mai dawowa daga biki, naɗe da tsohon zane. Duk abin da muka kashe ya haura abin da matashin nan ya nema sau talatin da wani abu. Yaya ya biya kasonsa bai ce uffan ba, wanda a wurinsa magana ce babba.

Ranar haɗawa Baba bai taɓa sifana ba, hannunsa na rawa. Yana zaune a bakin rami yana faɗa, yaronsa na yi. Aka fara tsayar da kiremayer a tsakiyarta ta hanyar ƙirga zagaye daga ƙarshe zuwa ƙarshe a raba biyu, sannan aka ɗaura biyelet tsawo ɗaya, sannan aka zauna da bolan a miƙe. Ya ce wannan jeri shi ne aikin, wanda ya fara da bolan ya fara da ƙarya. Daidaita ƙafafu kuwa da zare ya yi shi, aka ja daga tayar baya zuwa ta gaba a kowane gefe, yana sa a auna da rula ta 'yan makaranta, har gaban tayoyin ya tsuke da 'yan milimita kaɗan. Daga baya mun kai ta wurin masu na'ura don hankalinmu ya kwanta, abin da suka gyara bai taka kara ya karya ba. Aka sake dawo da buhunan shinkafa, aka sake shafa alli, aka murɗa, aka danna. Alli bai goge ko'ina ba. Baba ya sa hannu ta bayan tayar hagu tana murɗe har ƙarshe, yatsunsa biyu suka shige tsakaninta da sandar. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, har Yaya da babbar rigarsa, kowa ya durƙusa ya sa yatsunsa ya ji.

Gangaren Tsinga kuwa Yaya ne ya ce shi zai sauko da ita. Ya ɗauki 'ya'yansa biyu, ya sauko sau uku kamar yadda aka ce masa, muna tsaye wajen mai suyan nan, wanda da ya hango motar sai da ya ja teburinsa baya. A na ukun Yaya ya saki bolan gaba ɗaya a tsakiyar kwana, muka ga yana warwarewa da kansa ta cikin gilashi.

Yanzu motar ta koma gajeruwa kamar yadda Alhaji ya bar ta, samari sun daina ɗaukar hoto da ita. Bakin ƙofa mun fasa shi mun zuba siminti buhu biyu, duk da haka in ta cika da mutane sai an sauke biyu kafin ta shiga. Ta wuce bizit teknik a farkon 2024. Mutumin Obala har yanzu yana bugo waya, an kuma gaya masa duk abin da ya faru, bai fasa so ba, Yaya ma bai goge lambarsa ba, maganar dai tana nan a ajiye har ranar da Hajiya ta ga dama. Baba ya daina zuwa gareji tun bayan azumin da ya wuce, idon ya ƙara rufewa, sai dai mu je gida mu gaishe shi. Yaron da ya yi aikin a gabansa shi ke duba mana ita yanzu. Akwai guntun alli a aljihun gaban mota, kusa da takardu, kuma an sa wa autanmu aikin shafawa da dubawa duk farkon wata. Watan jiya ya manta, Hajiya ce ta tuna masa.